Masaukin ɗalibi: yadda Jos ta saba tarbar 'ya'yanta idan sun dawo hutu daga waje

Daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da ruwan Jos ba ya ɗaga ƙafa, da kuma ƙarshen Disamba idan hunturu ya kankama, mukan ga wasu fuskoki a sahun sallah da muka kwana biyu ba mu gani ba. 'Ya'yanmu ne da ke karatu a Masar, Madina, Indiya, Malesiya, Turkiyya, Ingila ko Amurka, sun zo hutu. Wani ma yakan taho da abokin karatunsa ɗan wata ƙasa, wanda gidansu ya yi masa nisa. Abin da muka lura da shi a 'yan shekarun nan shi ne hutun yana ta gajarcewa. Yaro zai sauka Abuja ko Kano, ya yi makonni a gidan wani ɗan'uwa ko aboki, ya leƙo Jos kwana huɗu, ya juya. Iyaye suna ƙorafi cewa yaran zamani ba sa son gida. To amma kafin mu ɗora musu laifin duka, ya kamata mu waiwaya mu ga yadda garin nan ya saba tarbar irinsu. A wurin kakanninmu saukar ɗalibi aikin unguwa ne gaba ɗaya, ba a bar wa uwa da uba su kaɗai.

Mu fara da asalin garin, domin Jos kanta a kan masauki ta ginu. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Liruwe suna narka kuza suna sayarwa. Tsakanin 1902 da 1904 Turawan Kamfanin Neja suka hawo dutse neman inda kuzar take fitowa, suka kafa sansani a wajen Naraguta. Daga nan leburori da fatake da mahauta da malamai suka yi ta tururuwa daga Kano, Katsina, Zariya, Bauchi da Barno. A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa ya iso daga Zariya, wanda ake kira jirgin Bauchi alhali bai taɓa zuwa Bauchi ba. A 1927 babban layi ya iso ta Kafanchan. Duk wanda ya sauka a tasha da ɗan ƙunshinsa, tambayarsa ta farko ita ce ina gidan mutanen garinsu. Ku dubi sunayen mazaɓunmu na yau: Ali Kazaure, Ibrahim Katsina, Sarkin Arab, Garba Daho, Abba Na Shehu. Wasu sunayen har yanzu suna ɗauke da garin da mai sunan ya fito.

Tsarin da ya riƙe waɗannan baƙi shi ne na mai gida, wanda fatake ke kira fatoma. Mai gida yana da zaure da ɗakunan baƙi. Shi zai ba ka wurin kwana da tuwon dare, ya ajiye maka kuɗinka, ya haɗa ka da mai saye, ya tsaya maka idan rigima ta taso. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabon Ibadan ya rubuta littafi a 1969 kan yadda wannan tsari ya riƙe cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu. Abin da ya gani a Ibadan mu a Gangare da 'Yan Shanu da Dilimi ba sabon labari ba ne. Ƙa'idar a ko'ina ɗaya ce: addini ya ba baƙo haƙƙin kwana uku, ba a takura masa da tambaya kafin ya huta, kuma mutuncinsa mutuncin mai gida ne. Da 'yan makaranta suka fara fita waje suna dawowa, wannan tabarmar aka shimfiɗa musu.

Idan ana lissafin Hausawan da suka je Turai suka yi karatu suka dawo, da Dorugu ake farawa, ko da yake a zamaninsa ba a san da Jos ba. Yaro ne ɗan ƙasar Damagaram da aka kama bauta, aka 'yanta shi a Kukawa, ya bi Baturen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, har Tambutu. A 1855 Barth ya tafi da shi Turai. A Ingila ya zauna a gidan wani ɗan mishan mai suna Schön, ya koyi karatu da rubutu, shi kuma Schön ya kwashi Hausa daga bakinsa ya cika littattafai. A 1864 Dorugu ya dawo. Ya yi aikin tafinta, daga baya ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, ya rasu a 1912. Abin lura a nan shi ne, tun yana ƙarami bauta ta raba shi da gidansu, don haka iliminsa waɗanda suka ba shi masauki ne suka fi cin moriyarsa. Ilimin matafiyi inda aka sauke shi yake zubewa.

Rukunin da ya fi shafarmu shi ne na bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1945 aka tura malaman makaranta na Arewa Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Landan, cikinsu har da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa na Bauchi. A 1946 Malam Aminu Kano ya bi sahu. Mafi yawan matafiya a lokacin jirgin ruwa suke hawa, kusan mako biyu daga Ingila zuwa Ikko, sannan jirgin ƙasa ya hauro da su Arewa. A nan ne matsayin Jos ya fito fili. Sai a 1958 aka fara shimfiɗa layin dogo daga Kuru zuwa Bauchi da Gombe, bai kai Maiduguri ba sai 1964. Kafin nan, duk ɗan Bauchi ko Gombe ko Fataskum ko Barno da ya biyo jirgin ƙasa ta wannan hanya, a Jos tafiyar dogo take ƙare masa, sai ya nemi babbar mota. Mota kuwa ba kullum take tashi ba, balle da damina. Saboda haka zaurukan Jos suka zama zangon 'yan makaranta masu zuwa hutu da masu komawa, na kwalejojin cikin gida da na waje.

Dattawanmu suna ba da labarin yadda ake karɓar ɗan boko a wancan zamani, lokacin da jama'a ke ɗari-ɗari da karatun Nasara. Ba a yi masa wa'azi ranar da ya sauka. Ana kai masa ruwa, a shimfiɗa masa tabarma, a zuba ido. Zai cire takalmi a ƙofar zaure? Zai durƙusa ya gai da manya? Idan an kira sallah zai tashi? Zai sa hannu a akushi ɗaya da mutane? Idan ya wuce wannan jarrabawa da ba a faɗa masa ana yi ba, sai bayan isha'i a matso kusa da fitila a ce, to Malam, ba mu labarin ƙasar Turawa. Shi ma sai ya saki jiki. Ta haka mahauci da tela da direban da ba su taɓa shiga aji ba suka ji yadda ake zaɓe, da yadda ma'aikata ke kafa ƙungiya, da cewa a can ma akwai Bature talaka mai share titi.

Kar mu raina wannan hira ta zaure, domin ba a daɗe ba aka ga 'ya'yanta. Malam Aminu yana dawowa ya kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa a 1948. A Agustan 1950 Malam Abubakar ya miƙe a Majalisar Arewa a Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e, a watan nan kuma aka kafa NEPU a Kano. A Disamban shekarar, a nan Jos Jam'iyyar Mutanen Arewa ta yi babban taronta, inda aka yi ta ja-in-ja tsakanin masu son sauyi nan take da masu cewa a bi a hankali. Wakilan da suka zo daga larduna, ai mutanen gari ne suka sauke su. Maganganun da aka ɗauko daga Landan sai da suka bi ta zaure, aka juya su da Hausa, aka yi musu gardama, kafin su zama siyasar talakawa.

Ba Turai kaɗai ake zuwa ba. Hanyar gabas ta girme ta nesa ba kusa ba, ita ce hanyar alhazan ƙasa da ke bi ta Maiduguri da Fort Lamy, wato Injamena ta yau, su ratsa Sudan zuwa Bahar Maliya. A 1954 gwamnatin Arewa ta tura wasu matasan malamai makarantar horon malamai ta Bakht er-Ruda a Sudan, cikinsu akwai Malam Abubakar Gumi. A 1961 aka buɗe Jami'ar Musulunci ta Madina, ga kuma Azhar ta Alƙahira da ta daɗe tana karɓar 'yan Afirka ta Yamma. Ɗalibin gabas tarbarsa daban ce. Shi ba a tsoron ya bar sallah. Tsarabarsa dabino da zamzam da littattafai, kuma tun kafin ya huce gajiya ake miƙa masa buzu a ce ya ja baƙi ko ya karantar da yara a Islamiyya har hutu ya ƙare.

Sai dai a nan ma an ga inda masauki ya yi rana da inda ya gaza. Yaro yakan dawo da fahimtar da ta saɓa da ta malamin da ya koya masa alif da ba. A 1978 aka kafa ƙungiyar Izala a nan Jos ƙarƙashin Shaikh Isma'ila Idris, kuma duk wanda ya rayu a shekarun da suka biyo baya ya san irin zafin muhawarar da aka yi tsakanin 'yan Izala da 'yan ɗariƙa. Akwai gidajen da uba da ɗa suka raba masallaci, har suka raba kwanon abinci. Akwai kuma gidajen da dattijo ya ce, ɗauko littafinka in ɗauko nawa, amma sai mun ci tuwo tukuna. Gidaje na biyun nan, ko ba a daidaita a kan mas'ala ba, zumunci bai tsinke ba, kuma yaransu sun ci gaba da dawowa hutu. Ba mu kawo wannan don ba wani ɓangare gaskiya ba. Mun kawo shi ne don a ga cewa abin da ya raba gidajen biyu shi ne yadda aka tarbi mai dawowa.

Akwai wani baƙon kuma da Jos ta saba da shi, wato ɗan wata ƙasa da ya zo karatu wurinmu. Tun 1942 'yan mishan suka buɗe makarantar Hillcrest don 'ya'yansu, kuma akwai waɗanda suka tashi a nan suna jin Hausa raɗau, suka koma ƙasashensu, suna dawowa ziyara da furfurarsu. Tsakanin 1960 da 1962 wani ɗalibin ilimin zamantakewa daga Amurka, Leonard Plotnicov, ya zauna a Jos yana shiga gidajen mutane yana sauraron tarihin rayuwarsu, littafinsa ya fito a 1967, kuma a sunan littafin ma baƙin birni ya kira mutanen garin. A 1971 Jami'ar Ibadan ta buɗe reshe a nan, a 1975 ya zama Jami'ar Jos. Ɗalibai daga kowace kusurwa, Musulmi da Kirista, suka cika ɗakunan haya a Unguwar Rogo da Unguwar Rimi. Wanda bai da kuɗin motar zuwa gida da hutu, a gidan mai ɗakinsa yake cin naman layya. Da Kirsimeti kuma kwanukan shinkafa su ƙetaro daga maƙwabta. Mu da muka ga wannan da idonmu mun san ba tatsuniya ba ce.

Sai ga 7 ga Satumba, 2001. Ba sai mun tsaya ba da labarin abin da ya faru ba, ko na Nuwamban 2008, ko na Janairun 2010, domin babu gidan da bai ɗanɗana ba. Abin da ya shafi zancenmu shi ne gari ya rabu. Ɗaliban da ke haya a cikinmu suka kwashe kayansu, mu ma 'yan'uwanmu da ke wasu unguwanni suka taso suka dawo cikinmu. Ɗakin baƙi ya zama ɗakin ƙanin baba da iyalinsa da aka ƙone wa gida. Zaure aka fasa shi aka yi shago. Babbar kasuwar Taminus ta ƙone a Fabrairun 2002, arzikin da masu gida ke ciyar da baƙi da shi ya ja baya. Yau ɗalibi zai dawo daga ƙasar da yake da gadonsa da teburin karatunsa, ya tarar da samari biyar a ɗaki ɗaya. In ya ce zai kawo abokinsa ɗan Indonesiya ko ɗan Kenya, tambayar farko ita ce a ina zai kwana, ta biyu kuma wa zai ɗauki nauyinsa idan gari ya rikice.

Wani abin mamaki, kwana huɗu bayan tashin rikicin Jos aka kai harin 11 ga Satumba a Amurka, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da Amurkawa suka ga ya dace su yi bayansa shi ne buɗe gidajensu. Musayar ɗaliban sakandare ba sabon abu ba ne a wurinsu, tun 1947 ƙungiyar AFS, wadda direbobin motar ɗaukar majiyyata a yaƙe-yaƙen duniya suka kafa, ta fara shi. A 2002 Majalisar Dokokin Amurka ta kafa shirin YES, wanda aka sa wa sunan Sanata Kennedy da Sanata Lugar, don ɗauko yara daga ƙasashen da ke da Musulmi da yawa su yi shekarar karatu guda a gidajen Amurkawa. Rukunin farko ya tafi a 2003, Najeriya tana ciki, kuma an haɗa yaranmu Musulmi da Kirista. Iyalan da suka sauke su ba biyansu ake yi ba. Yarinya 'yar Arewa takan yi azumin Ramadan a gidan da ita kaɗai ce Musulma, ta dawo tana kiran matar gidan mama. Kun ga ashe abin da suke kira musayar ɗalibai, fatomancin kakanninmu ne aka sa wa takarda da hatimi. Kuma bashi ne a wuyanmu. Ranar da ɗan gidan da ya riƙe 'yarmu ya ce zai zo ya ga garinsu, me muka tanada?

Akwai dalilin da ya sa wannan magana ta fi nauyi a kanmu fiye da mutanen Kano ko Sakkwato. Tun da aka ƙirƙiro Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa a 1991 ake takaddama kan wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo, kuma rahoton da ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar a 2006 kan wariyar da ake nuna wa waɗanda ba a ɗauka 'yan asalin wuri ba ya kawo Jos a cikin misalansa. Tallafin karatu na gwamnati da takardar asali ake nemansa. Don haka yaron da aka haifi kakansa a Gangare yakan tafi Kano ko Katsina ko Bauchi ya nemo takarda, ya fita waje da sunan wata jiha. Can fayil ɗinsa yake, can zai bi sawun alawus ɗinsa, can ake sa ran zai yi aiki idan ya gama. Babu wata takardar hukuma da ta ɗaure shi da Jos. Abin da ya rage tsakaninsa da garin nan shi ne tuwon mahaifiyarsa da fuskar da unguwa ta shimfiɗa masa. Idan wannan ya yi rauni, wallahi likitan da muka yi wa karo-karon kuɗin jirgi a wani gari zai buɗe asibitinsa.

Kuma ba kowace dawowa ce ta farin ciki ba. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023, ɗaliban Najeriya da ke Khartum, da yawansu 'yan Arewa, aka kwaso su a motoci zuwa iyakar Masar, suka yi kwanaki a sahara kafin jirgi ya ɗauko su daga Aswan, wasu kuma ta Port Sudan. Sun dawo ba digiri, ba tsaraba, wasu da kayan jikinsu kawai. Irin wannan yaro ba ya buƙatar a tare shi a bakin masallaci da tambayar yaushe za ka gama. Tsohuwar ƙa'idar kwana uku, a bar baƙo ya huta kafin a tambaye shi, don irinsa aka yi ta.

To me za mu iya dawo da shi? Zaurukan da aka rushe ba za su tashi ba, amma abin da ake yi a cikinsu bai fi ƙarfinmu ba. A kowane layi akwai gidan da ke da ɗaki a rufe saboda mai shi yana Abuja ko Legas, kwamitin masallaci zai iya roƙo a buɗe shi don hutun ɗalibi da baƙonsa. Idan yaro ya zo da ɗan wata ƙasa, a kai shi ya gai da mai unguwa da liman tun ranar farko, yadda kowa zai san baƙon wane ne, domin da ɗan gari ake cin gari. A kai shi gidan tarihi da Bernard Fagg ya kafa a 1952 ya ga kawunan Nok da kwaikwayon ganuwar Kano, a zagaya da shi Farin Gada ya ga dankali da kabeji, a ba shi gwaten acca da masa, kar a ce sai abincin otal. Shi kuma namu, bayan ya huta, a ba shi aji: mai karatun likita ya zauna da matan unguwa kan hawan jini, mai kwamfuta ya tara yara, mai Larabci ya karɓi darasi a Islamiyya, kowannensu kuma ya nuna wa na baya yadda ya cike takardun neman gurbin karatu. In ya faɗi abin da bai yi mana daɗi ba game da kwatocinmu ko makarantunmu, mu saurara tukuna, ido ne da ya ga wani wuri. In shi ne ya zo da girman kai, dattijo ya ja shi gefe, ba a tsakiyar majalisa ba. Ranar komawa kuma a haɗa masa guzuri kamar yadda aka saba, kilishi da yaji da kuka da daddawa, kowane gida da ɗan abin da ya samu, a raka shi tasha.

Mutanen da suka kafa unguwannin nan da ƙunshi ɗaya suka sauka daga jirgi, wani ya ce musu bismillah, shigo. Hutu mai zuwa ya kusa, kowane layi ya san yaransa da ke waje da ranar da za su iso. Allah Ya dawo mana da su lafiya, Ya sa ilimin ya amfane su ya amfane mu, Ya zaunar da garinmu lafiya. Amin.